Kek Mai Ado na Zagayowar Ranar Haihuwar Yaro: Tambayoyin Iyaye Mata da Amsoshinsu

Yawancin hotunan kek da muke gani a waya an ɗauke su ne a ƙasashen da bota ke kwana a kan tebur ba ta narke ba, wutar lantarki kuma ba ta ɗaukewa. Mu kuwa da zafin bazara muke aiki, da ƙurar hunturu, da ɗanshin damina, da firijin da bai da tabbas. Uwargida ta kwaikwayi hoto, aisin, wato haɗin bota da sukari da ake shafe kek da shi, ya zube kafin baƙi su iso, sai ta ɗauka hannunta ne bai iya ba, alhali tsarin ne ba na yanayinmu ba. Amsoshin da ke ƙasa duk a kan wannan na gina su: kek ya gasu, ya yi daɗi, ya tsaya da ƙafarsa a garinmu, sannan a zo maganar ado.

Anti, ban taɓa yin kek mai ado ba. Ta ina zan fara?

Ki fara da tambayar yaron abin da yake so, sannan ki rage burin zuwa abin da hannunki zai iya. Kek mai hawa ɗaya, kala biyu ko uku, da abu guda da zai ja ido, ya ishi karon farko. Mako guda kafin ranar ki gasa rabin kwaɓin don gwaji, 'yan gida su ci da shayi. A nan za ki san halin obenki ko tukunyarki, ki kuma san ko bekin fodarki tana da rai. Kada ranar bikin ta zama ranar koyo.

Kayan aiki ba sai kin tara da yawa ba: gwangwanin gashi mai faɗin inci 8 guda biyu, rariya, muciya ko miksa, doguwar wuƙa mai zarto irin ta yanka burodi, wuƙar shafa bota, da kwali mai kauri da za ki naɗe da takarda mai ƙyalli ya zama mazaunin kek. Ledar matsa aisin kuwa, sabuwar leda mai kauri da aka yanke wa kusurwa tana yin rubutu da ɗigo-ɗigo sarai.

Wace siffa ce ta fi sauƙi ga mai koyo?

Siffar da gwangwani zai ba ki da kansa, ba wadda za ki sassaƙa ba. Da'ira tana zama agogo, rana, filin wasa ko bakan gizo. Mai kusurwa huɗu yana zama allo, littafi, titi ko filin ƙwallo. Kwanon silba mai zurfi yana ba ki rabin ƙwallo, ko siket ɗin 'yar tsana idan kika kife shi. Lambar shekaru ma tana da sauƙi: 1 daga dogon kek ake yanko ta, 8 kuma zobe biyu ne aka haɗa, 3 zobe biyu ne da aka cire wa gefen hagu.

Ina ba iyaye shawara su duba abin da yaro ke gani a unguwarsu kafin su tafi ga zanen katun. Yaron da ke tsayawa ƙofar gida yana ƙirga Adaidaita Sahu zai fi murna da kek mai siffarta fiye da fuskar da aka yi ƙoƙarin zanawa ta fito a karkace. Fuska ita ce abu mafi wuya a aikin kek, ido ɗaya ya ɗan kauce, yaro zai ce ba shi ba ne. Idan ya nace sai wani gwarzonsa na katun, ki yi kek da kalolin gwarzon, ki sayo ƙaramin abin wasan roba, ki wanke shi da sabulu, ki ɗora a sama. Bayan biki ya zama kyautarsa.

A gidanmu ba a son siffar mai rai, wasu ma ba sa yin bikin ranar haihuwa. Yaya ke nan?

Malamai sun yi saɓani a kan bikin, kowane gida kuma yana da malamin da yake bi, wannan a bar wa masu shi. Ta fuskar aiki dai babu abin da kika rasa. Wata da taurari, dagin Arewa, ƙofar gari, jirgin sama, furanni, ƙwallo, duk ba su da rai. Kuma wannan kek ɗin shi ne za ki yi ranar saukar Alƙur'ani, ko ranar da yaro ya ci jarrabawa, ko ya kai azuminsa na farko, ko ranar Sallah.

Roƙona ɗaya ga mai yin kek mai siffar allo: kada ki rubuta aya ko sunan Allah a kai. Za a sa wuƙa a yanka, ɓurɓushi ya zuba ƙasa, saura ya tafi shara. Sunan yaro da "Barka da sauka" sun wadatar.

Wane kwaɓi ne zai ɗauki ado bai ruguje ba?

Kek ɗin bota mai awo daidai-wa-daida. Ga na gwangwani biyu masu inci 8: bota giram 250, sukari giram 250, ƙwai 5, fulawa giram 250, bekin foda ƙaramin cokali 2 da rabi, madara babban cokali 3 zuwa 4, ɗan gishiri da filebo. Tunda aisin zai hau kai, kina iya rage sukarin zuwa giram 200 ba tare da kek ya sauya ba.

Ki buga bota da sukari har su yi fari su yi sauƙi a hannu, minti 5 da miksa, ko kusan minti 15 da muciya. Wannan bugun shi ne rabin aikin, domin iskar da kika cusa a nan ita bekin foda za ta hura a cikin zafi. Ki riƙa fasa ƙwai ɗaya-ɗaya a wani kofi daban kafin ki zuba, saboda a lokacin zafi ƙwai ɗaya da ya lalace ya isa ya jawo asarar kwaɓi duka. Idan kika ga kwaɓin ya fara tsinkewa, ki zuba cokali ɗaya na fulawar ki ci gaba. Ki tankaɗe fulawa tare da bekin foda, ki zuba kashi uku, kina juyawa a hankali daga ƙasa zuwa sama. Da zarar kin daina ganin farin gari, ki tsaya. Yawan juyi bayan fulawa ta shiga shi ke sa kek tauri da danƙo.

A gasa a digiri 175 na Selsiyos, minti 25 zuwa 30. Idan a gwangwani ɗaya mai zurfi kika juye duka, ki sauko da zafin zuwa 160, ki ba shi minti 50 zuwa awa ɗaya. Don na cakulan, ki cire giram 40 na fulawa ki mayar da hodar koko ta gashi, ki ƙara madara cokali biyu. Milo da Bournvita ba sa maye gurbinta, sukari da madara ne suka fi yawa a cikinsu.

Wannan awon yana isar yara 15 zuwa 20. Idan gwangwanin inci 10 ne, ki ninka komai sau ɗaya da rabi.

Ba ni da sikeli fa.

Ledar Simas ta giram 250 ta riga ta auna miki botar. Da kofin awo mai mililita 250, fulawa kofi 2 ce, sukari kofi 1 da kwata. Ki riƙa zuba fulawar cikin kofin da cokali ki share saman da wuƙa, kada ki danna. Awon gwangwanin madara da na mudu suna bambanta daga gida zuwa gida, shi ya sa kek ɗin maƙwabciya ke yin kyau naki ya ƙi, alhali awo ɗaya kuka faɗa. In da hali, ƙaramin sikelin kicin ya fi miksa amfani.

Ba ni da oben. Kek ɗin tukunya zai yi ado kuwa?

Ƙwarai. Iyayenmu sun daɗe suna gasa kek ɗin Sallah a gwangwanaye a kan yashi, kuma idan aisin ya rufe shi babu mai gane inda aka gasa. Ki sami tsohuwar tukunya mai kauri wadda ta fi gwangwaninki faɗi da aƙalla yatsu biyu ta kowane gefe. Ki zuba yashin da aka wanke ya bushe, kaurin inci ɗaya, ki ɗora ƙananan duwatsu uku masu tsayi ɗaya ko wani zoben ƙarfe, don kada gindin gwangwani ya taɓa yashin. Ki rufe, ki bari ta yi zafi minti 10 zuwa 15 a matsakaiciyar wuta. Gwajin zafi: ki barbaɗa fulawa kaɗan a murfin gwangwani ki saka ciki. Idan ta yi ruwan ƙasa mai haske cikin minti 5, zafi ya yi daidai. Idan ta yi baƙi, ki rage wuta ki jira.

A kan gas, wuta ƙasa-ƙasa bayan kin saka kek. A kan kurfoti, garwashi kaɗan a ƙasa, mafi yawa a kan murfi, domin matsalar gashin tukunya kullum ita ce gindi ya ƙone sama na ɗanye. Kada ki buɗe kafin minti 25. Ki gasa faifai ɗaya-ɗaya marar kauri, ya fi ki cika gwangwani ki yi ta jiran tsakiya ta nuna. Ki shimfiɗa takardar gashi ninki biyu a gindin gwangwanin.

Me ya sa nawa ke lotsawa a tsakiya, ko ya tsage a sama?

Lotsawa: ko an buɗe murfi da wuri, ko bekin foda ta yi yawa, ko an sauke bai gama nuna ba. Ki soka tsinken sakace a tsakiya, sai ya fito babu ɗanyen kwaɓi. Tsagewa da tudu a sama: zafi ya yi yawa, gefe ya riga ya daskare tsakiya na ta tashi. Cunkushewa: ba a buga bota da sukari sosai ba, ko bekin foda ta mutu. Ki zuba rabin cokalinta a ruwan zafi, idan ba ta yi kumfa nan take ba, ki sayi sabuwa. Wadda ake ƙullawa a leda ana sayarwa a buɗe tana saurin shan iska, musamman da damina.

'Yan'uwa na Jos da kewaye, garinku ya haura mita 1,200 daga doron teku, iska ba ta da nauyi sosai a can, kek yana saurin tashi ya kuma faɗi. Ku rage kusan kwata na bekin foda, ku ƙara madara cokali ɗaya ko biyu.

Wane aisin ne zai jure zafin garinmu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Botar madara tana narkewa tsakanin digiri 32 da 35. A Kano, Sakkwato, Maiduguri, Maraɗi ko Damagaram, zafin watan Afrilu yakan haura 40 da rana. Ke nan aisin na botar madara zalla ba zai kai la'asar ba a tsakar gida, komai ƙwarewar mai yi. Farin man gashi na tsirrai, wanda masu sayar da kayan kek ke kira shotenin, irin su Crisco, ba ya narkewa sai zafi ya haura 45. Saboda haka da bazara ki haɗa rabi bota, rabi shotenin. Ɗanɗano yana ɗan raguwa, amma ɗan gishiri da filebo mai kyau suna gyara shi.

Awon: mai giram 250, aisin suga giram 500 da aka tankaɗe, madara ko ruwa cokali 1 zuwa 2. Ki buga man shi kaɗai minti 5 har ya yi fari, sannan ki riƙa zuba sukarin kaɗan-kaɗan. Cokali biyu na garin sitacin masara suna ƙara masa tsayuwa. Idan aisin suga ya yi wuyar samu, ki niƙa sukari a busasshiyar bilenda, kowane kofi da cokali ɗaya na sitaci, ki tankaɗe sau biyu. Zai ɗan yi tsaki-tsaki a baki, amma yana aiki.

Ganash, wato cakulan da aka narkar da kirim mai zafi, ya fi kowane tsayuwa idan ya daskare: cakulan mai duhu kashi 2, kirim kashi 1, da bazara kashi 3 da 1. Madarar gwangwani marar sukari ma tana yi idan babu kirim. Shi kuwa kirim mai kumfa da ake bugawa, ga wanda ke da tabbacin wuta ko sola ne kawai, domin daga firij sai baki.

Ina shafa aisin sai ɓurɓushi ya ɓata min shi. Ina dabarar?

Abu biyu ne: kek ya huce sarai, kuma a yi shafi biyu. Ki bar shi minti 10 a gwangwani, ki juye, ki ba shi aƙalla awa biyu. Ɗumi kaɗan da hannunki ke ji ya isa ya narkar da aisin. Ki yanke tudun sama da wuƙar burodi ya zama shafal. Ki dafa sukari da ruwa awo ɗaya su narke, su huce, ki yayyafa cokali biyu ko uku a kan kowane faifai, wannan ke hana kek bushewa, musamman da hunturu.

Ki ɗiga aisin kaɗan a kan kwali don kek ya manne, ki ɗora faifan farko, ki shafa, ki kifa na biyu gindinsa na kallon sama, tunda gindi ya fi daidaituwa. Sai shafin farko, siriri, wanda har kina hango kek ta cikinsa. Kamar yaɓen farko ne a ginin ƙasa: ba don kyau ake yinsa ba, don ya kama jiki ne na biyu ya samu wurin zama. Ki sa a firij minti 20 zuwa 30, ko gaban fanka har ya daina manne wa yatsa. Sannan shafi na biyu mai kauri. Ki tsoma wuƙa a ruwan zafi, ki goge ta, ki bi gefe da ita a tsaye kina juya farantin, ba hannunki ba. Idan santsin ya ƙi, kada ki damu, ki bi shi da bayan cokali ki yi masa igiyar ruwa, ko ki rufe gefen da kwakwa ko ɓurɓushin biskit.

Dole ne sai da fondan?

A'a. Fondan kwaɓaɓɓen sukari ne da ake murzawa ya yi faɗi a lulluɓe kek da shi, kuma yawancin yara ɓare shi suke yi su ajiye a gefen faranti. Ni na fi son a rufe kek da aisin na bota, a yi amfani da fondan a ƙananan abubuwa kawai: haruffa, taurari, tagogi, furanni. Kuɗi ya ragu, kek ya fi daɗi.

Idan za ki rufe duka da shi, ki san halinsa da yanayi. Da hunturu yana bushewa ya tsatstsage tun kina murzawa, sai ki shafa shotenin a hannu, ki rufe duk abin da ba kya aiki da shi da leda, ki yi sauri. Da damina yana shan ɗanshi ya yi gumi ya saki jiki, sai ki ƙara masa ɗan garin CMC, wato hodar da ke ƙara wa fondan ƙarfi, ki barbaɗa sitaci wajen murzawa, ki bar fanka a kansa. Kaurinsa ya zama milimita 3 zuwa 4. Siffofin da kike so su tsaya da kansu ki yi su kwana uku kafin biki su bushe.

Na zuba shuɗiyar kala sai aisin ya koma kore. Me ya faru?

Botar ce. Yawancin botar gashi da muke saye tana da ruwan ɗorawa, shuɗi kuwa idan ya haɗu da ruwan ɗorawa kore yake bayarwa. Don shuɗi, fari ko ruwan hoda mai tsabta, ki ƙara yawan shotenin, ki buga man ya daɗe. Ɗigon kalar shunayya da bakin tsinke yana kashe ruwan ɗorawar.

Kala mai kauri ta ƙaramar kwalba ta fi ta ruwa, domin ta ruwa tana tsinka aisin kafin ta kama. Da tsinke ake ɗiba, ba a tsiyayawa. Ja da baƙi su ne masu wahala: ki haɗa su tun daren jiya, domin suna ƙara duhu idan sun kwana. Baƙi kuma daga aisin na cakulan ake farawa, ba daga fari ba, in ba haka ba sai kin zuba kalar da za ta sa ɗaci ta kuma rina bakin yara.

Akwai kalolin kicin ma. Ruwan zoɓo da aka dafa ya yi kauri yana ba aisin ruwan hoda mai ɗan tsami, garin zogale kaɗan yana ba da kore, kurkum ɗan mitsitsi yana ba da ruwan ɗorawa. A aisin za ki sa zoɓo, ba a kwaɓi ba, saboda idan ya haɗu da bekin soda jan yana komawa toka-toka.

Waɗannan kaloli da ƙyalƙyali ba su da illa ga yara? Kuma halal ne?

Na ji daɗin wannan tambayar, domin a nan ne ake sakaci. Kada ki sayi kalar da aka ƙulla a leda babu suna. Ki nemi mai lambar NAFDAC da jerin abin da ke ciki. Wani bincike na Jami'ar Southampton a Ingila a 2007 ya danganta wasu kaloli shida da ƙaruwar rashin natsuwa ga yara, cikinsu har da E102, E110 da E129, kuma tun 2010 Tarayyar Turai ta wajabta rubuta gargaɗi a kan abincin da ke ɗauke da su. A Janairun 2025 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta janye izinin kalar Red 3. Yanki ɗaya na kek ba abin firgita ba ne, amma dalili ne na a yi kala mai haske, a bar mai kauri a ƙananan wurare.

Hodar ƙyalli ta fi ban tsoro. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoto a 2021 cewa yara shida sun yi amai da gudawa a jihar Rhode Island a 2018 bayan cin kek da aka yi wa ado da hoda mai ɗauke da jan ƙarfe, sannan a Missouri a 2019 an sami dalma a hodar da aka yi wa kek ɗin wani ɗan shekara ɗaya ado da ita. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani. Idan kwalba ba ta ce "edible" ba, wato ana iya ci, kuma ba ta da jerin sinadarai, kada ta taɓa abin da za a ci, ko da an rubuta "non-toxic", wato marar guba.

Ta fuskar halal, abu uku za ki duba. Jelatin, wanda ke cikin wasu fondan da alawar mashmalo, ana yinsa daga fata da ƙashin dabba, sau da yawa alade, don haka ki nemi mai tambarin halal. Ruwan banila na asali yana da giya, dokar Amurka ma ta ce kada ta gaza kashi 35 cikin 100, sai ki ɗauki na gari ko wanda aka rubuta babu giya, ko ki kankare ɓawon lemo, ko ki sa kirfa. Jar kala mai lamba E120 kuma daga wani ƙwaro ake samo ta, mai son kauce mata ya duba lambar.

Ɗana ƙwallo yake so. Yaya zan yi?

Ki shafe kwanon silba mai zurfi da bota, ki barbaɗe da fulawa, ki zuba kwaɓi zuwa kashi biyu cikin uku. Zafi 150 zuwa 160, awa ɗaya ko fiye, domin tsakiyar tana da nisa. Idan sama ta fara duhu, ki rufa mata takarda. Ya huce, ki kife shi a kan faffaɗan kek mai kusurwa huɗu ko a kan kwali kawai, ki shafe da farin aisin.

Ƙwallon da kowa ya sani, wadda ta yi suna tun gasar cin kofin duniya ta 1970 a Meziko, tana da baƙaƙen faci 12 masu kusurwa biyar da farare 20 masu kusurwa shida. A rabin ƙwallo, baƙaƙe shida kawai kike buƙata. Ki yanka samfuri a kwali, ki fitar da su daga baƙin fondan. Ɗaya a tsakiyar sama. Daga kowace kusurwarsa ki ja ɗan gajeren layi zuwa ƙasa, a ƙarshen kowane layi ki manna wani facin da kusurwarsa na taɓa layin. Ki haɗa na ƙasan da layuka, za ki ga fararen sun fito da kansu. Ciyawa kuwa, ki zuba gogaggiyar kwakwa a leda da ɗigon koriyar kala, ki girgiza, ki baza kewaye. Sunansa da shekarunsa a rubuta da kalar ƙungiyarsa, Kano Pillars ce ko Super Eagles.

Adaidaita Sahun da kika ambata fa?

Ki gasa kek a tire mai faɗin santimita 23 da tsawon 33, ki raba shi gida uku daidai, ki jera su bisa juna da aisin a tsakani. Ki soka tsinken shan lemo mai kauri guda biyu daga sama har ƙasa, ki yanke su daidai da saman, su ne ginshiƙi. Ki sanyaya shi sosai kafin sassaƙa, kek mai sanyi ba ya ruguje wa wuƙa. Ki zaftare gaban ya ɗan kwanta baya inda gilashi yake, ki rage faɗin hancin ta gefe biyu. Jiki ruwan ɗorawa, rufi baƙi, ƙofofin gefe a shafe da aisin na cakulan su zama kamar a buɗe suke. Taya uku na biskit mai da'ira, ɗaya a gaba biyu a baya, farar alawa ɗaya ta zama fitila. A lambar baya ki rubuta sunan yaron. Guntayen da kika zaftare kada ki zubar, ki murmushe su da aisin ki mulmula, yara na son su.

'Yata shekara ɗaya za ta cika. Akwai abin da zan kiyaye?

Akwai. Ba a ba jaririn da bai cika wata 12 ba zuma saboda cutar botulizim mai shanye jiki, kuma a irin wannan taro ba a rasa jarirai a goye. Likitocin yara suna ba da shawarar a guji ƙarin sukari kafin shekara biyu, don haka ki yi mata nata ƙarami daban, wanda ayaba nunanniya ko dabino da aka jiƙa aka niƙa za su ba shi zaƙi, a shafa masa yogot mai kauri marar sukari. Babban kek na manya da yayyenta ne.

Gyaɗa ɗungurungum, alawa mai tauri da ƙananan duwatsun ado suna shaƙe yaran da ba su kai shekara biyar ba. Duk tsinke ko waya da kika soka, ki ƙirga su, ki cire su da hannunki kafin a raba. Kada ki yi aisin da ɗanyen farin ƙwai don yara. Ki kuma tambayi iyayen da kika gayyata ko akwai yaron da jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, ƙwai, madara ko alkama.

Yaushe zan fara aikin?

Kwana uku kafin ranar: sayayya da siffofin fondan. Kwana biyu ko ɗaya: gashi, ya huce, ki naɗe kowane faifai da leda. Kek da ya kwana ya fi daɗin yanka. Daren jajibiri: haɗa aisin da kaloli da shafin farko. Adon ƙarshe ki yi shi bayan sallar asuba, lokacin gari na da sanyi, yara kuma ba su tashi ba. Idan yaron ya kai shekara huɗu, ki bar masa wani abu ya sa da hannunsa, ko kwakwar ciyawa ko tayoyin.

Kyandir fa?

A kunna a kashe nan take, babba na tsaye, a ja mayafi da gashin yara baya. Irin mai tartsatsin wuta ba na cikin ɗaki ba ne, tokarsa kuma tana zuba a kan aisin. Idan mai bikin na mura, ki dasa kyandir ɗin a ƙaramin kek nasa shi kaɗai ya hura.

Yaya zan kai shi wurin biki, kuma kwana nawa saura zai yi?

A kwali mai daidai da faɗin mazauninsa, a ƙasan mota inda yake shafal, da jiƙaƙƙen tawul a ƙarƙashi don kada ya zame. Kujera tana da gangare, cinya kuma tana da ɗumi. Ki tafi da ɗan aisin a leda da wuƙa don gyara. A wurin biki a ajiye shi a inuwa, a fito da shi dab da yankawa. Idan daga firij ya fito ya yi raɓa, kada ki taɓa, ki sa shi gaban fanka zai bushe da kansa.

Kiyashi da tururuwa suna gano kek cikin dare. Ki zuba ruwa a faffaɗan tire, ki kifa kwano a tsakiya, ki ɗora farantin kek a kai ba tare da gefensa ya taɓa komai ba. Saura mai aisin na bota yana kwana biyu zuwa uku a rufe a ɗaki mai sanyi, da bazara kuwa a cinye shi washegari. Duk wanda ke da kirim mai kumfa, yogot ko ɗanyen 'ya'yan itace, idan ya yi awa biyu a waje a raba shi a cinye a wurin, kada a mayar da shi ajiya.